Madubin hangen taurari mai nemo tauraro da kansa: ya dace da ɗan koyo a Jos?

Baban Ilham, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. 'Yata ta fari, tana aji biyu na babbar sakandare, ta kamu da son taurari tun bara da muka kwana a ƙauye wajen biki, ta ga yadda sama take in babu wutar lantarki. Na yi mata alkawarin madubin hangen nesa in ta ci jarrabawa, ta kuma ci. Ƙanina zai dawo daga Ingila ƙarshen wata mai zuwa, ya ce in zaɓa ya taho da shi.

Idona ya tsaya a kan masu kwamfuta a gindi, waɗanda ake ce wa GoTo: ka danna sunan tauraro a rimot, madubin ya juya da kansa ya nemo maka. Guda biyu nake dubawa, Celestron NexStar 130SLT da 127SLT. Ni a sama ban san komai ba in ban da wata da Zara. Wanda ya taɓa riƙe irinsu a nan Jos ya taimaka mini. Da tsadar dala a yanzu, ba kuɗin da zan iya kashewa sau biyu ba ne.

Injiniya, Lugbe Abuja:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa Ilham albarka. Abu na farko da ya kamata ka sani: na'urar ba ta da ido. Ba ta ganin sama. Lissafi kawai take yi. Kai ne za ka faɗa mata inda kake a doron ƙasa, da kwanan wata, da lokaci, sannan ka nuna mata taurari biyu ko uku masu haske, kana sa kowanne a tsakiyar gilashin leƙawa kana danna maɓalli. Daga nan take gina taswirar sama a cikinta. In ka ba ta bayani daidai za ta kai ka ko'ina, in ka ba ta kuskure za ta nuna maka bango ko ƙasa da cikakken tabbaci.

Na Celestron suna da wata hanya da suke kira SkyAlign, ba sai ka san sunan taurarin ba, ka zaɓi kowaɗanne uku masu haske da ke nesa da juna, ita za ta gane su. Wannan ya sauƙaƙa wa ɗan koyo ƙwarai.

Kawu na Bukuru:
Baban Ilham, ni na tsufa a wannan harka, kuma zan faɗa maka abin da 'yan kasuwa ba za su faɗa ba. Kuɗin da za ka biya kashi biyu ne, na madubi da na mota, wato injin da ke juya shi, da kwamfuta. Abin da yake gani madubi ne. Da kuɗin mai kwamfuta mai faɗin baki milimita 130 za ka iya samun Dobsoniya, wato irin da ake juyawa da hannu, ta milimita 200 wadda ba ta da waya ko ɗaya a jikinta. Yi lissafi da kanka: 200 sau 200 ka raba da 130 sau 130, za ka ga hasken da take tarawa ya fi ninki biyu, kusan biyu da rabi. Wannan bambancin ido ne zai gan shi, a kan kowane abu, kowane dare, har ta tsufa.

Rimot zai ce maka yana ɗauke da abubuwa 4,000. Daga tsakar gidanka a Rikkos, da fitilun sola na titi da na maƙwabta, nawa ne a cikinsu za su fito? Za ta juya, ta yi ƙara, ta tsaya, ka leƙa ka ga baƙi. Yarinya za ta ɗauka na'urar ta lalace, alhali abin ne ya fi ƙarfin madubin.

Kuma yarinyar nan so take ta san sama. A bar ta ta nema da hannunta. Wanda ya nemo tauraro da kansa ba ya manta inda yake.

Malama, Naraguta:
Kawu, Allah ya ƙara girma, lissafinku daidai ne, amma ku bar ni in kawo abin da nake gani da ɗalibai. Fizis nake koyarwa, kuma nakan fitar da 'yan aji na su leƙa. Ni ba nema ne ya sa na sayi mai mota ba, riƙewa ne. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa. In ka ƙara girman Zuhal, duniyar nan mai zobe, sau 150, kafin minti ɗaya ya cika ya zame daga tsakiya ya kai gefe. Ka sa yara talatin a layi, kowane ɗaya sai ka ture shi ka sake nemowa, na bayansa kuma ya bugi bututun da goshi. Mai mota tana bin sa da kanta, in ta kama shi sai in koma gefe in yi bayani, yara suna ta wucewa.

Baban Ilham ba ajin yara gare shi ba, na sani, amma gidan Bahaushe ne. Ranar da aka fito da abin nan ƙanne za su zo, maƙwabta za su zo, har kaka sai ta ce a riƙe ta ta gani.

Sannan maganar fitilu da kuka yi, ita ce ma hujjata. Nema da hannu yana buƙatar ka ga ƙananan taurari da ido ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka isa. A cikin gari ƙananan nan sun ɓace. A nan ne kwamfuta take da rana.

Kawu na Bukuru:
Malama, wata da Zuhal da Mushtari, wato Jupiter, ba sa ɓuya ko a Terminus ne, tsakiyar gari. Su ne kuma abin da ɗan koyo zai yi shekara yana kallo. Ba ya buƙatar kwamfuta ta nuna masa wata.

Malama, Naraguta:
Haka ne Kawu. Amma bayan shekarar fa?

Baban Ilham, Rikkos:
Na gode ƙwarai, ku ci gaba, ina rubutawa. Amma Kawu, ita Dobsoniyar nan yaya girmanta? A jirgi za a taho da ita.

Kawu na Bukuru:
To, nan kam ka kama ni. Bututun ya fi mita ɗaya tsawo, ita da gindinta sun haura kilo 20, kwali biyu ne manya. Ba za ta shiga akwati ba. Amma ka san asalin abin? John Dobson da aka sa mata sunansa, a San Faransisko ta Amurka, a shekarun 1960, da katako da tarkacen da ya tsinta yake haɗa nasa, yana fitar da su bakin titi mutane su leƙa kyauta. Gindin akwatin katako ne kawai mai juyawa. Nawa gindin kafinta ne ya yi mini, da filawud da na sayo a kasuwar Katako. Bututun kaɗai aka kawo mini. In ƙaninka zai iya ɗauko bututu, saura aikin rana biyu ne.

Ɗan Gangare:
Salam. Ni gyaran waya nake yi, bari in yi magana a kan abin da na sani, wato wuta. Duk masu motar nan volt 12 suke ci. Suna da gidan ƙananan batura guda takwas, irin na tocila, kowanne 1.5, ka tara ya ba ka 12. Kada ka dogara da su. Da sun fara sanyi na'urar ba za ta mutu kai tsaye ba, sai dai ta riƙa kuskure, ta wuce tauraro ko ta tsaya kafin ta kai, kai kuma ka yi ta zargin saitinka. Masu caji kuma kowanne 1.2 ne, takwas 9.6 ke nan, tun daga farko ba su kai ba. Ga sanyin Jos na Disamba da Janairu da yake shanye batir.

Abin da nake haɗa wa mutane shi ne ƙaramin batirin UPS mai volt 12, da fiyus, da waya mai kan da ya dace. Ya kai ka har asuba, gobe ka sa a sola. Fawa banki ma yana yi, amma sai wanda yake fitar da 12 ta USB-C, da wayar da take jawo 12 ɗin, ba kowanne ne yake yi ba. Abu ɗaya da zan roƙe ka: tsakiyar kan wayar shi ne mai fositib. In aka juya, allon ciki zai ƙone, kuma ba kayan da za ka samu a kasuwar waya ba ne. A gwada da mita kafin a soka.

Kawu na Bukuru:
Ka ji ko? Ba a fara kallo ba an fara maganar fiyus.

Ɗan Gangare:
Baba, sau ɗaya ake haɗawa, shi ke nan. Wanda yake da sola a gida ya riga ya saba da wannan.

Injiniya, Lugbe Abuja:
Tunda an zo kan abubuwan da suke kayar da mutane, ga waɗanda na fi gani, kusan duk wanda ya kira ni ya ce tasa ba ta aiki ɗaya daga ciki ne.

Kwanan wata. Rimot ɗin tsarin Amurka yake bi, wata kafin rana. In kana nufin 5 ga Nuwamba ka rubuta 05/11 kamar yadda muka saba, ita 11 ga Mayu ta ji. Ta ba ka saman wata shida baya. Mugun abin shi ne daga 13 ga wata zuwa sama za ta ƙi karɓa ka gane kuskuren, amma daga 1 zuwa 12 shiru za ta yi ta karɓa.

Wuri. Jos tana wajen digiri 9 da minti 55 arewa, digiri 8 da minti 53 gabas. Gabas, ba yamma ba. Sau da yawa za ka tarar an bar ta a yamma. Kuma waya tana ba ka 9.9, rimot yana neman digiri da minti. 9.9 ba 9 da minti 9 ba ne, 9 da minti 54 ne, domin digiri ɗaya minti 60 ne. Lokacinmu GMT da ƙarin awa ɗaya, kuma ba mu da canjin agogon bazara irin na Turai, in ta tambaya ka ce a'a.

Sai ɗan madubin saiti mai jan ɗigo da ke kan bututun. Dole ya kalli inda babban yake kallo. Da rana ake daidaita shi, a kan ƙarfen sabis ko hasumiyar masallaci mai nisa, a ɓangaren da rana ba ta nan. In ba a yi wannan ba, ko wata sai ya gagare ka.

Masu aiki da waya ta wayifai, irin Sky-Watcher AZ-GTi, sun rage biyun farko, domin manhajar tana ɗaukar wuri da lokaci daga wayar kai tsaye.

Maman Biyu, Farin Gada:
Ni abin da zan ƙara kawai, ku guji wanda aka rubuta babban lamba a kwali. Na saya wa yarana ɗaya a wani shago, an rubuta yana ƙara girma sau 675, da hoton Zuhal mai launi a jiki. Bakinsa milimita 60 ne. Ƙafafunsa kamar tsinke, ko numfashi ka yi sai ya girgiza. Wata kawai muka gani, shi ma da ƙyar. Yaran sun yi sati suna murna, daga baya ba wanda ya sake tambaya. Har yau abin yana yi mini ciwo, don ɗayan yana da sha'awa sosai a lokacin.

Malama, Naraguta:
Sannu Maman Biyu, kin taɓo wuri mai muhimmanci. Ƙa'idar ita ce iyakar girman da madubi zai ba ka mai amfani bai wuce faɗin bakinsa a milimita sau biyu ba. Na 60 ya tsaya a 120, na 130 a 260, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai. Ki kawo yaron nan wajena in mun fita, bai makara ba.

Baban Ilham, ga bambancin biyun da ka ambata. Girma yana fitowa ne in ka raba nisan tattara hasken madubin da lambar da ke jikin gilashin leƙawa. 130SLT nisansa 650 ne, gilashin 25 zai ba ka sau 26, na 9 ya ba ka sau 72. Fili mai faɗi ke nan, Kaza da 'Ya'yanta za su shiga gaba ɗaya. 127SLT kuwa nisansa 1500, gilashin 25 ɗin nan zai ba ka sau 60, na 9 kusan 167. Ya fi daɗi a kan ramukan wata da zoben Zuhal, amma filinsa ƙunci ne, Kazar ba za ta shiga ba, kuma in saiti ya ɗan kauce abin da kake nema zai faɗa waje.

Injiniya, Lugbe Abuja:
Akwai maganar ƙura kuma. Na 130 bakinsa a buɗe yake, madubin yana can ƙasan bututu, ƙurar hunturu za ta sauka a kansa. Na 127 a rufe yake da gilashi, gajere ne, zai shiga jakar hannu a jirgi, kuma ba ya yawan neman a daidaita madubansa. Amma gilashin gaban nan raɓa yake kamawa, kuma ku a Jos raɓar ƙarshen damina ba wasa ba ce. Maganinta kwali ko tabarmar roba baƙa a naɗe a bakin kamar hula. Yana kuma son a fitar da shi waje kamar rabin awa ya huce kafin hoto ya tsaya.

Duk wanda ka saya, kada a goge madubi da hannun riga ko tishu. Ƙurar nan yashi ce, karce take yi. 'Yar ƙura ba ta hana gani, karce kuwa ya zauna.

Kawu na Bukuru:
A wannan mun haɗu. Nawa sau biyu kawai na taɓa wanke shi, da ruwa, ba da tsumma ba.

Amma bari in faɗi wani abu da ku masu karanta shawarwarin Turawa kuke mantawa. Mu samanmu daban ce. Muna digiri 10 ne kawai daga tsakiyar duniya, ga tsawo fiye da mita 1,200 a kan teku. Tauraron arewa da suke saita manyan gindayensu da shi, a wajensu yana can sama, a wajenmu digiri 10 ne daga ƙasa, bayan dutse ko rufin maƙwabci ko hazo. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka sayi gindi mai karkata irin na masu ɗaukar hoto, ka ce masa ba yanzu ba. Mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, shi ne namu, ko da mota ko babu.

A madadin haka Allah ya ba mu kudu. Suhail, tauraro na biyu a haske a duk sama, mutumin Landan bai taɓa ganinsa daga gidansa ba, mu kuwa yana tashi mana kusan digiri 27. Omega Centauri, dunƙulen taurari da babu kamarsa, yana haura digiri 30 a watan Afrilu da Mayu, in gajimaren farkon damina ya ba da hanya. Na fara ganinsa ne daga wajen Vom. A madubin 200 sai ka ga kamar an zubar da gero a kan baƙin zane. A ƙaramin madubi auduga ce kawai. Abin da nake jiye wa yarinyar nan ke nan, ba gardama nake so ba.

Injiniya, Lugbe Abuja:
Gaskiya ne Kawu. Ƙari a kan haka, wata da duniyoyi a wajenmu sukan bi ta tsakar ka, wanda alheri ne don iskar da hasken yake ratsawa ta ragu. Sai dai masu mota irin waɗannan suna shan wahala daidai tsakar ka, dogon bututu ma yana iya taɓa ƙafa. Sai a kalla kafin abin ya kai can ko bayan ya gota.

Abba, Tudun Wada:
Me ya sa ba wanda ya ambaci Seestar? S50 ɗin nan, ƙaramin madubi mai kyamara na kamfanin ZWO da ya fito a 2023. Ka ajiye, ka buɗe manhaja, shi da kansa yake ɗaukar hoton sama ya gane inda yake, ba ruwanka da nuna masa taurari uku. Batirinsa a ciki. Cikin minti goma ka ga gajimaren Orion da launinsa a waya, ko a cikin gari. Duk wahalar da kuke lissafawa ta wuce.

Malama, Naraguta:
Abba, abin yana da kyau, na ga aikinsa. Amma ba shi da wurin sa ido. A fuskar waya kake kallo. Bakinsa milimita 50 ne, nisansa 250, Zuhal a ciki ɗan ɗigo ne. Yarinyar da ta ɗaga kai a ƙauye ta ga sama har ta kasa mantawa, ban ga dalilin mai da ta kan waya ba. Wanda burinsa hoto ne, ya saya, ba zai yi nadama ba.

Amma ka tuna mini da wani abu da yake tsakanin ni da Kawu: StarSense Explorer. Ba mota, ba rimot. Wayarka za ka ɗora a kan wani ɗan madubi, kyamarar ta karanta taurari, kibiya ta nuna maka inda za ka tura da hannu. Sai dai ba ya riƙe abu, kuma sai an duba ko wayar tana cikin waɗanda manhajar take karɓa.

Abba, Tudun Wada:
Na ji Anti. Amma ranar da hazo ya rufe, nawa zai fitar da abin da naku ba zai fitar ba.

Ustaz, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar nan tun jiya. Tambayata, mai kwamfutar nan zai taimaka wajen duban jinjirin wata? Mu kan fita ranar 29 ga wata, sau da yawa mu dawo ba mu san ma ko inda muke kallo nan ne ba.

Injiniya, Lugbe Abuja:
Wa alaikumus salam Ustaz. A nan kam yana da amfani na gaske, domin matsalar jinjiri ita ce sanin daidai inda yake a cikin jan sama, kuma lokacin kaɗan ne kafin ya faɗi. Cikas ɗin shi ne a lokacin taurari ba su fito ba balle ka yi saiti da su. Hanya biyu ce. Ka yi saiti a daren jiya, ka sa na'urar ta yi barci da saitinta, akwai wannan a cikin rimot, kada kowa ya motsa ƙafafun, gobe da magariba ka tashe ta ka ba ta lokaci. Ko kuma in Zara tana yamma a wannan watan, ka yi saiti da ita kaɗai, tunda tana fitowa kafin kowa.

Gargaɗi da babbar murya: kada a buɗe bakin madubi ta yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Jinjirin yana kusa da rana, motar tana iya bi ta kan ranar a hanya, kuma leƙe ɗaya ya isa ya ƙone ido har abada. Kada a bar yaro shi kaɗai da madubi da rana, ko na minti ɗaya.

Kuma madubi ba ya ƙirƙiro abin da babu. In nisan wata da rana bai kai wajen digiri 7 ba, ba a ganinsa da ido ko ta cikin madubi. Hukuncin gani da na'ura kuwa na malamai ne da kwamitin ganin wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi, ni iyakata in ce ga inda yake.

Ustaz, Anguwan Rogo:
Jazakallahu khairan. Wani abin da ya burge ni da na duba manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama da ɗana ya sa mini, sunayen da yawa namu ne na makarantar zaure aka karkatar. Aldebaran Dabaran ne, Altair Aɗ-Ɗa'ir, Rigel Rijlu wato ƙafa, Fomalhaut Famul Hut, bakin kifi. Sirius kuwa shi ne Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Baban Ilham, ka koya mata su da waɗannan sunaye, za su fi zama.

Kawu na Bukuru:
Madalla Ustaz. Andromeda ma, tarin taurarin nan mai nisa ƙwarai da ake ta ɗauka hoto, Abdurrahman As-Sufi ya rubuta ta a shekarar 964, ya kira ta ƙaramin gajimare, da ido kawai, shekaru fiye da 600 kafin Galileo ya ɗaga madubi ya ga watannin Mushtari huɗu a 1610.

Baban Ilham, ga shawarata ta ƙarshe. Gani ya kori ji. Damina tana ɗaukewa, daga yanzu zuwa ƙarshen Nuwamba kafin ƙura ta sauko shi ne lokacin da samanmu ta fi wankuwa a duk shekara. Ka kawo ta gidana ranar Asabar. Malama ta zo da nata. A ajiye su gefe da gefe, yarinyar ta taɓa kowanne. A cikin gida za mu yi, akwai katanga. Ba na ba kowa shawarar ya ɗauki bututu da ƙafa uku ya hau dutsen Shere ko bayan Lamingo da dare ba tare da sanin mutanen wurin da 'yan sintiri ba, abin daga nesa ba ya kama da madubi. Ku zo kafin magariba, ku koma da wuri. A taho da rigar sanyi.

Malama, Naraguta:
Na amsa Kawu. Maman Biyu, ke ma ki taho da yaran. Kowa ya rufe tocilarsa da jar leda, ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske ɗaya ya mai da shi baya.

Baban Ilham, Rikkos:
Jama'a, mun je mun dawo. Allah ya saka wa Kawu da iyalinsa, an karɓe mu kamar 'yan gida.

Malama ta sa Ilham ta yi saitin da kanta. Karon farko ya ƙi, ashe biyu daga cikin taurarin da ta zaɓa sun yi kusa da juna. Karo na biyu ta ɗauki Vega da Fomalhaut da wani a gabas, ya karɓa. Ta danna Zuhal, abin ya juya, ta leƙa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sai ta ɗago ta leƙa bakin bututun ta gaba, wai tana duba ko hoto aka manna. Zoben siriri ne, Malama ta ce a Maris na 2025 ya juyo mana gefensa, yanzu yake sake buɗewa a hankali.

A na Kawu kuwa ya fi haske, ba musu, ni ma da ban san komai ba na ga bambancin. Ya hana ta waya, ya nuna mata wasu taurari huɗu kamar ɗaki, ya ce ta bi layi daga kusurwa ta ƙirga biyu ta hau biyu. Ta yi kusan minti goma sha biyar, ta ɓata sau uku, sannan ta yi ihu. Andromeda ce. Kawu ya ce hasken ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. A mota da muke dawowa ba Zuhal take ta maimaitawa ba, wannan ne.

Amma da na tambaye ta wanne take so, sai ta ce mai mota, saboda ƙannenta uku da suka kasa riƙe Zuhal a na Kawu, kafin ƙaramin ya hau kujera Zuhal ya gudu. Na ce wa ƙanina ya taho da mai 130.

Kawu na Bukuru:
Ban canza ra'ayi ba, amma yarinyar tana da hujja, kuma ita za ta riƙe. Sharaɗina ɗaya, ka faɗa mata: kowane dare, kafin ta kunna, ta nemo abu ɗaya da ido ta faɗi sunansa. In ta yi shekara tana haka, ƙofata a buɗe take, za mu je Katako tare.

Baban Ilham, Rikkos:
Ta ji Kawu, ta ce ta ɗauka. Ɗan Gangare, ina zan same ka maganar batirin?

Ɗan Gangare:
Na turo maka ta akwatin sirri. Ka ce wa ƙaninka ya haɗo da wayar wuta mai kan sigarin mota, ita za mu yanka mu haɗa da batirin, ta fi waɗanda ake samu a nan kama ramin. Ranar da kaya suka iso ka taho da gindin kawai, bututun ya zauna a gida cikin kwalinsa.